Jini ya tsaya, to hanjin ya warke ke nan? Amsa ga mai gyambon babban hanji

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 34, kuma shekara biyu ke nan da likita ya ce ina da gyambon babban hanji, wanda suke kira alsaratif kolaitis. Na sha firednisolon wata biyu, yanzu ina kan mesalazin giram 2 a rana. Wata biyar ban ga jini ba, bayan gida sau biyu nake fita a rana, har na ɗan yi ƙiba. Amma da aka sake leƙa hanjin sai aka rubuta "Mayo 1", gwajin bahaya kuma ya nuna kalfurotektin 380. Likita ya ce ban gama warkewa ba, zai ƙara magani. Ni kuwa garau nake jin kaina, so nake ma in ajiye maganin saboda tsada. Me lambobin nan suke nufi, kuma don me ba za a yarda da yadda nake ji ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Bari mu fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka ajiye maganin nan. Sauƙi kam ka samu, kuma babba ne, likitanka bai musa ba. Sai dai a wannan cuta tsayawar jini daban, warkewar bangon hanji daban, kuma na biyun ne yake faɗin yadda shekara biyar ko goma masu zuwa za su zo maka.

Fatar cikin hanji ba ta jin zafi yadda fatar hannu take ji. Ka tuna lokacin da aka leƙa naka aka tsinki ɗan nama, ba ka ji komai ba. Don haka kumburi yana iya sauka daga mai zubar da jini ya koma mai ci a ɓoye irin na wutar ƙaiƙayi, sama toka, ƙasa garwashi, mai shi kuma yana harkokinsa. Likitocin Faransa sun nuna wannan ƙarara tun 1990. Sun ba masu cutar Kron, ƙanwar taka cutar, firednisolon mai yawa, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Cikin mako 7, kashi 92 cikin 100 sun ce sun warke. Da aka leƙa hanjin waɗanda suka ce sun warke ɗin, kashi 29 kacal ne cikinsu ya yi kyau. Halin firednisolon ke nan: ya kwantar da alamu, ya buɗe ci, ya cika fuska, amma sau da yawa ya bar mikin yadda yake. Tun daga nan aka fara gane cewa tambayar "yaya jiki?" ba ta isa ma'auni ita kaɗai ba. Gani ya kori ji.

Lambar Mayo ta samo suna daga asibitin Mayo na Amurka, inda aka fitar da ita a 1987, kuma maki ne na abin da ido ya gani ta na'urar leƙa hanji, daga 0 zuwa 3. Hanji mai lafiya fatarsa sumul take, tana sheƙi, kana hango jijiyoyin jini ta cikinta sun yi rassa kamar bayan ganyen da aka ɗaga wa rana. Wannan shi ne 0. A 1, fatar ta yi jaja-jaja, rassan sun fara dusashewa kamar ana kallon su ta cikin hazo. A 2, ja ya yi yawa, rassan sun ɓace gaba ɗaya, fatar kamar an barbaɗa mata yashi, ga ƙananan ƙujewa nan da can, kuma da bakin na'ura ya goge ta sai jini ya tsatso. A 3, jini yana tsatsowa da kansa kafin a taɓa, gyambuna kuma a buɗe.

Shekaru da yawa ana haɗa 0 da 1 wuri ɗaya a ce "ya warke", kuma akwai dalili. A kudu maso gabashin Norwe an bi sawun mutanen da aka gano cutar a jikinsu a farkon shekarun 1990, binciken da ake kira IBSEN. Waɗanda hanjinsu ya warke bayan shekara ɗaya da fara magani, kusan kashi 2 cikin 100 ne aka yi wa tiyatar cire babban hanji cikin shekara biyar. Waɗanda bai warke ba, kashi 7. A gwaje-gwajen ACT na allurar infiliksimab kuma an duba makin hanji a mako na 8, sannan aka jira mako na 54. Masu 0 da masu 1, kashi 95 suna nan da hanjinsu. Masu 2, kashi 87. Masu 3, kashi 80. Ka ga ke nan ta fuskar tsira daga wuƙar tiyata, 1 ɗinka wuri ne mai kyau, kuma ya kamata hankalinka ya kwanta a kan wannan.

Inda 0 da 1 suke rabuwa shi ne dawowar ciwo. A Sifen an bi mutum 187 da jikinsu ya yi sauƙi, aka wallafa sakamakon a 2016. Cikin wata 6, ciwon ya tashi ga kusan kashi 9 na masu 0, amma ga masu 1 ya kusan kai kashi 37. A 2020 aka tattara bincike 17 aka yi lissafi ɗaya: cikin shekara guda ciwon yakan dawo wa kusan 29 cikin 100 na masu 1, kusan 14 na masu 0, sannan kusan 5 kacal na waɗanda bayan 0 ɗin, har naman da aka duba a madubin ƙara girma ya fito tas. Saboda irin wannan ne ƙungiyar ƙwararrun cutar ta duniya, a jagorarta ta 2021 mai suna STRIDE-II, ta ɗauki Mayo 0 a matsayin warkewar da ake nema. Jagorar ta jera abin daki-daki: da farko alamu su lafa, sai su ɓace tare da daidaitar gwajin jini da na bahaya, sannan a ƙarshe bangon hanji ya warke, mutum ya koma aikinsa da iyalinsa ba tare da tawaya ba, yaro kuma ya ci gaba da girma. Kai ka haye matakin farko, kana tsakiyar na biyu.

Makin nan fa idon mutum ne ya ba da shi, kuma ido yana kuskure. A ba ƙwararru biyu hoton hanji ɗaya, a kan 0 da 3 da wuya su saɓa, amma a kan 1 sukan rabu: wani ya ce 0, wani ya ce 2. Tambaya ɗaya za ta taimaka maka: da na'urar ta taɓa fatar, jini ya fito? A tsarin da aka fi bi yanzu, duk inda aka ga haka 2 ake rubutawa, ba 1 ba. Wasu likitocin suna ƙarawa da ma'aunin UCEIS, mai maki 0 zuwa 8, wanda yake raba abin gida uku: bayyanar jijiyoyin jini, zubar jini, da zurfin miki. Ya fi nuna ƙaramin ci gaba, domin gyambo mai zurfi da ya koma marar zurfi duk 3 ne a Mayo, amma a UCEIS maki yana sauka. Abin nema a nan 1 ne ko ƙasa.

Wani abin da ke ɓata maki shi ne rashin wanke hanji da kyau. Fatar da bahaya ya lulluɓe ba a ganin jijiyoyinta, sai a yi kirdado. Ranar jajibirin leƙawa a bar duk abu mai dusa da 'ya'ya: fura da kunun gero, wake, zogale, miyar kuka da kuɓewa, kankana, gwaba. A tsaya kan farar shinkafa, farin burodi, ƙwai, romon da aka tace. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a dakatar da ita kamar mako guda kafin ranar, domin tana baƙanta bahaya ta sa ya manne. Ruwan wankin kuma a raba shi biyu, rabi da daddare, rabi da asuba, a gama aƙalla awa 2 kafin a shiga. Wanda ya shanye duka da daddare yakan wayi gari da ɓangaren dama na hanji ya sake ɓaci. In kana sa magani ta dubura, ka faɗa wa mai leƙawa, domin ƙasan yakan yi kyau alhali sama da shi yana ci, wanda ya tsaya a ƙasa kuwa sai ya rubuta 0.

Sai kalfurotektin. Wani sinadari ne da ke cike a cikin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne kan gaba wajen ruguwa duk inda kumburi ya tashi. In bangon hanji yana ci, sukan ratsa shi su faɗa cikin bahaya su mutu, sinadarin ya zube. Yawansa a kowane giram na bahaya shi ake aunawa da maikurogiram. Ƙasa da 50 lafiya lau. Ga mai irin cutarka ana so ya sauka tsakanin 100 da 250 ko ƙasa, kuma ƙasa da 150 a jikin da babu alamu yakan nuna da wuya a sami kumburi mai ƙarfi. Sama da 250 ƙararrawa ce. Naka 380 ya yi daidai da Mayo 1, shaidu biyu ke nan suka faɗi magana ɗaya. Amfaninsa babba shi ne yakan fara hawa wata biyu zuwa uku kafin jini ya dawo, sai a tari abin tun yana nesa.

Amma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, musamman a ƙasashenmu. Kalfurotektin bai san dalilin kumburi ba, kumburin kawai ya sani. Atuni na ƙwayar amiba yana ɗaga shi. Tsargiyar hanji, wadda masu noman rani da masu shiga ruwan fadama da madatsa suke ɗauka, tana ɗaga shi. Haka tarin fuka na hanji, taifod, da guɗawar da aka kwaso a abinci. Sai magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ba takarda, dikulofenak da ibufurofen da danginsu: suna ɗaga lambar, kuma su kansu suna iya tayar da cutar. In ciwon kai ko ciwon jiki ya taso, farasitamol ya fi maka. Magungunan olsa irin omefurazol ma suna ɗan ɗaga shi. Basir mai zubar jini da jinin al'ada ga mata suna gurɓata samfurin.

Ga yadda ake ɗiba. Bahayan farko na safe, a cikin roba mai tsabta busasshiya, kada fitsari ko ruwan masai ya taɓa shi. Kamar cikin ƙaramin cokali ya isa. A kai ɗakin gwaji a ranar. In ba zai yiwu ba, a nannaɗe a leda a sa a firij, kada ya wuce kwana 3. Samfurin da ya yini cikin zafin mota a watan Afrilu sinadarinsa yana lalacewa, lambar ta fito ƙasa da gaskiya, a yi murnar banza. Kada a ɗiba a kwanakin da aka sha ruwan wankin hanji. Kuma ka riƙe ɗakin gwaji ɗaya, domin na'urorin kamfanoni daban suna ba da lambobi daban a kan bahaya ɗaya. 380 a nan da 250 a can ba lallai sauƙi ba ne.

Gwajin jini na CRP, wanda shi ma kumburi yake nunawa, ya fi sauƙin samu, ana so ya zama ƙasa da miligiram 5 a lita, amma rauninsa biyu ne. Zazzaɓin cizon sauro ko ƙurji a haƙori yana ɗaga shi, sannan masu gyambon da ya tsaya a ƙasan hanji da yawa CRP ɗinsu lafiya lau yake fitowa alhali hanjin yana jini. In ya hau a bincika, in bai hau ba kada a saki jiki. Awon yawan jini da na ma'ajiyar ƙarfe, wato feritin, su ma shaidu ne masu araha: jinin da ke raguwa a hankali ga wanda ya ce ba ya ganin jini yakan tona asirin kumburin ɓoye.

Mataki mafi zurfi shi ne naman da aka tsinka. Ka nemi sakamakonsa, domin ba ka ambace shi ba. Abin da mai duba nama yake nema shi ne fararen ƙwayoyin nan a cikin fatar hanji da cikin 'yan ramukan da ke fitar da majina. In babu su, an ce naman ya lafa. Ma'aunin Nansi, mai sunan wani gari a Faransa, yana ba da 0 zuwa 4: 0 da 1 babu kumburi mai ci, 2 zuwa sama akwai. Ba abin mamaki ba ne ido ya ga 0 amma madubi ya ga ƙwayoyin suna nan. Ka riga ka ga bambancin 14 da 5 a sama. Duk da haka STRIDE-II ba ta sa lafawar nama cikin abin da dole a kai gare shi ba, kuma mun yarda da wannan taka-tsantsan. Sanin cewa mai lafiyayyen nama ya fi daɗewa lafiya abu ɗaya ne. Tabbatar da cewa ɗora wa mutum magani mai danne garkuwar jiki don kawai a kori 'yan ƙwayoyin da madubi ya gani zai amfane shi fiye da cutar da shi, wannan wani abu ne daban. A inda tarin fuka yake yawo a gari, wannan lissafi ba na wasa ba ne.

To me ya dace da kai? Abin farin ciki, kana kan adadin mesalazin da bai kai ƙololuwa ba, akwai sauran fili mai faɗi kafin a kai ga manyan magunguna. Da farko ka faɗa wa likita gaskiyar yadda kake sha. Wanda yake tsallake kwana biyu a mako saboda tsada ba giram 2 yake sha ba. Sai a duba bahaya don amiba da ƙwan tsargiya da sauran ƙwayoyin cuta, a ajiye magungunan ciwon jiki, a maimaita kalfurotektin bayan mako 2 zuwa 4. Binciken amiba ya zama dole kafin a sake ba ka firednisolon ko wani mai danne garkuwa, domin amiba in ta samu garkuwa a kwance tana iya huda hanji. In lambar ta tsaya a sama, abin da aka saba shi ne a ɗaga mesalazin na sha zuwa giram 4 ko 4.8 a rana, a haɗa da giram 1 ta dubura kowane dare na kamar mako 8.

Wannan na duburar shi ne mutane suka fi ƙi, kuma shi ne ya fi aiki. Cutar daga dubura take farawa ta hau sama, maganin sha kuwa nan ne ƙarshen inda yake isa. Ƙwayar matsi tana rufe kamar santimita 10 zuwa 15 na ƙarshe. Na ruwa, wanda ake matsawa da 'yar roba, yana hawa har kwanar hagu ta babban hanji, ƙarƙashin haƙarƙari. A sa bayan an yi bayan gida, dab da barci, a kwanta ta gefen hagu a naɗe gwiwar dama, a matsa a hankali, a zauna a haka kamar rabin awa. Daren farko da na biyu yakan nemi fitowa, daga baya hanjin ya saba. Ƙwayar matsi tana narkewa a zafi, a ajiye ta wuri mai sanyi. Na shan kuma ana iya haɗiye na yini duka lokaci ɗaya, aikinsa bai gaza na rarrabawa ba. Wannan yana sauƙaƙa wa mai azumi, ya sha da sahur ko bayan buɗa-baki, na dubura kuma da dare. A auna aikin ƙoda kafin ƙari, bayan wata 3, sannan shekara-shekara, domin jefi-jefi mesalazin yana taɓa ƙoda ba tare da alama ba.

Bayan mako 8 zuwa 12 a sake kalfurotektin. Sake leƙawa kuma bayan wata 3 zuwa 6 da canjin magani. In ciwonka a ɓangaren hagu yake, gajeriyar leƙawa ta ƙasan hanji ta wadatar, ba sai an sha litocin ruwan wanki ba, kuma kuɗinta bai kai na doguwar ba. In kalfurotektin ya sauka ƙasa da 150 ya zauna a gwaji biyu a jere, likitoci da yawa za su yarda a jinkirta leƙawar, a riƙa bin sa duk wata 3 zuwa 6, daga baya duk wata 6 zuwa 12. Lokacin hawa zuwa masu danne garkuwa, wato ƙwayar azatayofirin ko allurai irin infiliksimab, shi ne in ka buƙaci firednisolon sau biyu cikin shekara ɗaya, ko ciwon ya dawo cikin wata 3 da ajiye shi, ko hanjin ya tsaya a 2 ko 3 duk da cikakken mesalazin. Kafin nan dole a yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka na ɓoye, da na ciwon hanta nau'in B, da na ƙanjamau.

Masu cutar Kron da ke karanta wannan, naku lissafin ya ɗan bambanta, domin ciwonku yana ratsa kaurin bangon gaba ɗaya, kuma yana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura. Ma'aunin leƙawarku SES-CD ne: a raba hanji gida biyar, a kowane gida a ba da 0 zuwa 3 kan girman miki, faɗin inda mikin ya ci, faɗin inda kumburi ya kama, da tsukewa. Abin nema ƙasa da 3 ne, ko rashin miki ko ɗaya. A wani bincike da aka wallafa a 2010, waɗanda makinsu ya kai 0 a shekara ta biyu, kusan kashi 71 sun yi shekara ta uku da ta huɗu lafiya ba firednisolon. Sauran, kashi 27. Amma na'urar leƙawa fatar ciki kaɗai take gani, kuma ba ta isa mafi yawan ƙaramin hanji. Shi ya sa ake haɗawa da hoton MRI ko sikanin ciki, a auna kaurin bango: milimita 3 ko ƙasa lafiya, sama da haka tare da yawan gudun jini a bangon alamar ci ne. Kalfurotektin ma yakan fito ƙasa in ciwon a ƙaramin hanji kaɗai yake. Mesalazin kuwa ba maganin Kron ba ne, kada a ɓata shekaru a kansa har hanji ya tsuke ko ya huda yoyo, domin tabon da ya riga ya ƙulle babu maganin da ke kwance shi sai tiyata ko buɗawa da balan-balan. Kuma kafin a ɗora wa kowa sunan Kron a yankinmu, sai an yi da gaske wajen kore tarin fuka na hanji, domin wuri ɗaya suke kamawa, kamanninsu ɗaya, maganin ɗayan kuma yana rura ɗayan.

A Kron ne aka fi gwada ko bin lambobi yana da amfani. Gwajin CALM na 2017 ya raba mutum 244 gida biyu. Gida ɗaya ana ƙara musu magani in sun yi ƙorafi. Ɗayan ana ƙarawa ko da ba su yi ƙorafi ba, muddin CRP ya kai 5 ko kalfurotektin ya kai 250. A mako na 48, hanjin kashi 46 na masu bin lamba ya warke, na masu jiran ƙorafi kashi 30. Bayan tiyata ma haka: tun 1990 aka nuna a Beljiyam cewa cikin shekara ɗaya da yanke ɓangaren da ya lalace, kashi 73 sabbin mikuna sun fito a kusa da ɗinkin, amma kashi 20 ne kawai suke jin wani abu. Shi ya sa ake leƙawa wata 6 zuwa 12 bayan tiyata ko mutum yana garau. A gwajin POCER na Ostireliya da Niyu Zilan, leƙawa a wata na 6 tare da ƙara magani ta sauke dawowar ciwo a wata na 18 daga kashi 67 zuwa 49. Ba kowane gwaji ne ya ba da rata mai faɗi haka ba: a wani gwaji mai suna STARDUST kashi 38 ne da 30, ratar da ba ta isa a kafa hujja da ita ba. Mai Kron da ke shan taba kuma ya sani cewa barin ta yana daidai da ƙara magani guda.

Akwai kuma kishiyar halinka, wadda ita ma awo ne ke warware ta: hanji ya warke tas, amma mutum yana ta guɗawa da murɗar ciki. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda hanjinsu ya warke suna fama da haka. Dalilin yakan zama hanji mai saurin motsi, rashin jure madara, ruwan ɗaci da ke zubowa babban hanji bayan an yanke ƙarshen ƙaramin hanji, ko duburar da tabo ya hana ta buɗewa. Irin wannan in aka yi ta ɗura masa firednisolon, sai ya kwashi ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da yanar ido a banza. A gyambon babban hanji, tsayawar jini ta fi yawan fita bayan gida nuna gaskiyar warkewa.

Maganar da ba a son ji amma dole a faɗa ita ce sankarar hanji. Kumburin da ya daɗe yana ci, ko da a hankali ne, shi ke canja ƙwayoyin fatar hanji. Wani tsohon lissafi na 2001 ya ba da kashi 2 bayan shekara 10, kashi 8 bayan 20, kashi 18 bayan 30. Lissafin baya-bayan nan ya sauka ƙasa da haka sosai, kuma ana danganta saukar da kyautatuwar magani da sa ido. Binciken asibitin St Mark's na Landan a 2004 ya nuna cewa tsananin kumburin da aka gani a nama yana tafiya tare da haɗarin. Don haka shekara 8 daga ranar da alamu suka fara, ba ranar da aka gano cutar ba, za a yi maka doguwar leƙawa ta neman canjin ƙwayoyi. In shekara ɗaya ka yi ana ce maka basir ne kafin a gano, ka sa ta cikin lissafi. Daga nan tazarar takan kama daga shekara 1 zuwa 5, gwargwadon faɗin ciwon, zafinsa, da ko akwai mai sankarar hanji a dangi na kusa. Wanda ciwonsa bai wuce dubura ba haɗarinsa kamar na kowa ne. Wanda kuma yake da cutar tsukewar hanyoyin ruwan ɗaci na hanta, shi duk shekara ne tun daga ranar farko.

Batun tsada gaskiya ne, ba ma raina shi. Amma ga abin da aka gani a Amurka a 2003, cikin mutum 99 da ciwonsu ya lafa a kan mesalazin: bayan shekara 2, kashi 89 na masu sha yadda ya kamata suna nan lafiya, masu wasa da shi kashi 39. Kwanciya ɗaya a asibiti da ƙarin jini tana cinye kuɗin maganin watanni masu yawa. In aljihu ya gaza, ka tambayi likita game da salfasalazin, tsohon magani mai araha wanda hanji ke farfasawa ya fitar da mesalazin ɗin. Giram 2 a rana don riƙewa, 3 zuwa 4 in ciwon yana ci, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, tare da folik asid. Yakan kawo ciwon kai da tashin zuciya, yana rage ƙwayoyin maniyyi muddin ana sha amma sukan dawo cikin wata 2 zuwa 3 da bari, don haka mai neman haihuwa ya faɗa tun da wuri. A kuma gwada G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, kafin a fara, domin ƙarancinsa ya yawaita a maza a yankinmu, kuma maganin yana iya farfasa musu jini. Bayan ƙarin, sake rage mesalazin ya koma giram 2 abu ne mai yiwuwa nan gaba, bayan an ga 0 da kalfurotektin mai ƙasa sun zauna. Da Mayo 1 da 380 a hannu, lokacin bai yi ba.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, sau nawa ka fita, ko da jini, ko ka tashi da dare, da kowace lamba da aka ba ka, ka ajiye kwafin rahoton leƙawa da hotunansa. Ranar da ka ga bayan gida mai jini sau 6 ko fiye a yini, tare da ɗaya daga cikin waɗannan: bugun zuciya sama da 90 a minti, zafin jiki sama da 37.8, ko awon yawan jini (himogulobin) ƙasa da 10.5, wannan na kwanciya asibiti ne a ranar. Kada ka sha maganin tsayar da guɗawa, kada ka sayi firednisolon a kemis, ka ɗauki littafin da rahotannin ka tafi. Allah ya ba da lafiya mai ɗorewa.